Wa Zai Ɗauke Ni In Korama ta Sauko

Talata, 12 ga watan takwas, da hantsi

Yau mun yi baƙi. Tun da na faɗo daga saman gini ƙafafuna suka mutu, babu mai ƙwanƙwasa ƙofar nan don ni, in ba Salifu da Harisu ba, su ma don ɗakinsu na jikin namu ne. Yau sai ga farar mota a bakin hanya, mutum uku suka gangaro da riguna iri ɗaya. Maza biyu Larabawa, sai mace ɗaya, Madam Amatullahi, 'yar Agadas, ita ke juya maganarsu zuwa Hausa.

Ta ce daga wata ƙungiya suke mai kula da naƙasassu. Ta ce an fara ruwa a kan duwatsu, kuma ɗakinmu na cikin waɗanda ke bakin korama a nan unguwar Sersouf, don haka suna so su shirya mu. Na ce, "Ku shirya mu zuwa ina?" Ta yi dariya, ta zaci wasa nake.

Suka leƙa ɗaki, suka leƙa tsakar gida. Ɗaya ya dubi kekena na guragu, ya dubi hawan da ke tsakaninmu da hanya, ya girgiza kai. Shekara biyu ina girgiza wa hawan nan kai, bai kwanta ba.

Matata Rakiya ta kawo shayi. Madam ta dube ta da kyau ta ce, "Wata nawa?" Rakiya ta sunkuyar da kai. Ni na amsa daga kan tabarma, na ce cikin ya kusa wata shida. Mun daɗe muna jiransa, ban ga abin ɓoyewa ba.

Ranar Asabar za a yi taro a lekkol, wato makarantar unguwa. Sun ce za su aiko mota.

Alhamis, bayan la'asar

Sama wasai. Yara na buga ƙwallo a cikin korama, awaki na tonon bola. Wanda bai san garin nan ba zai rantse wannan yashin bai taɓa ganin ruwa ba.

Ni na gani, shekarar da na zo. Ba a yi ko yayyafi a gari ba. Can kan duwatsu aka yi ruwan, mu kuma ya same mu da rana tsaka, ɗauke da itatuwa da mataccen jaki. A lokacin tsaye nake a kan gada ina kallo da sauran 'yan kallo, har ina nuna wa wani jakin.

Asabar, bayan magariba

Motar ba ta zo ba. Salifu da Harisu ne suka bar aikin yini guda, suka ɗauke ni da keken har bakin hanya, muka shiga taksi.

Ban san muna da yawa haka ba. Makafi, kurame, guragu, wata tsohuwa da aka kawo a baro. An jera mu a tsakar lekkol cikin rana, masu riguna iri ɗaya suna inuwa. Wani ya yi ta magana a lasifika, Madam na bin sa da Hausa, wani na bin ta da Tamahaq, harshen 'yan garin. Kuramen dai suna kallon bakuna.

Abin da aka koya mana: kowa ya haɗa jaka ya rataye kusa da ƙofa. A sa magani, ruwa, tocila, da takardu. Da ta ce takardu sai na ji dariya ta taso daga ɓangarenmu na 'yan Nijar, irin dariyar da ba a buɗe baki, don kusan dukanmu ba mu da takardar zama a ƙasar nan. Madam ta ji. Ta yi sauri ta wuce.

Sannan kowane naƙasasshe ya samu mutum biyu da za su ɗauke shi. Aka ce wa ya zo da nasa? Harisu ya ɗaga hannuna. Shi ke nan na zama abin gwaji. Aka shimfiɗa bargo, aka kwantar da ni a gaban jama'a, aka nuna yadda ake kama kusurwa, yadda ake tallafe kai. Aka ɗaga ni, aka ajiye, aka sake ɗagawa don mai hoto bai shirya ba. Rigata ta yaye, ba wanda ya ja mini ita. An tafa.

Na tambaya, na ce in ruwan ya zo masu ɗaukata suna wurin aiki fa? Aka ce in kira su a waya. Na ce in kafin su iso ya iso fa? Aka ce za a aiko saƙo a wayoyi tun da wuri, kuma za a ba kowa usur ya busa maƙwabta su ji. An raba usur ɗin. Har kuramen an ba.

Mafakar da aka keɓe ita ce lekkol ɗin nan. Harisu, da har yanzu yake kirana Mason, wato magini, ya sunkuyo kunnena ya ce, "Mason, ka dubi katangar nan. Ƙofa ɗaya ce. A tara mu nan ciki gaba ɗaya, wa zai shiga da ƙafarsa?"

Na ce, "Ni dai ba ni da wannan matsalar."

Litinin, da safe

Rakiya ta haɗa jakar. Ta rataye ta a ƙusa inda hannuna zai kai. Usur kuma ta sa masa igiya ta rataya mini a wuya, kamar akuyar da ake tsoron ta ɓace.

Talata, bayan azahar

Alhaji Tijani ya biyo. Ɗan garinmu ne, Mirriya, kuma ƙanin mahaifiyata ta wajen kaka. Shi ya ba mu ɗakin nan bayan na faɗi, ba zan ce bai yi ba. Kantinsa na kan tudu, kuma bayan kantin akwai magaza, ɗakin ajiyar kaya, mai ƙofa daidai da ƙasa.

Na ce, "Kawu, ko za a ba mu aron magazar zuwa ƙarshen damina."

Ya ce, "Isufu, ka san abin da ke ciki? Taliya ce da madara har rufi. Kamiyo, babbar motar da za ta kwashe su, bai zo ba. Bari kaya su tafi."

Na ce, "Mutanen ƙungiya sun ce wurin nan ba shi da kyau."

Ya ce, "Mutanen ƙungiya aikinsu ke nan, su tsorata mutane. Shekara nawa ɗakin nan na tsaye? Ka dogara ga Allah."

Na dogara. Taliyar ma ai ga Allah ta dogara, amma a kan tudu take.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yau mun yi gwaji a gida. Salifu ne ya kawo shawarar. Ya ce Rakiya ta buga kwano a matsayin ruwa ya zo, su kuma su fito daga ɗakinsu da gudu. Suka naɗe ni a bargo suka yi sama da ni. Tsakiyar hawan takalmin Harisu ya tsinke, ya ce, "A dakata da ruwan, a dakata!" Rakiya ta yi dariya har ta riƙe ƙofa, hannu ɗaya a kan cikinta. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

A bakin hanya Salifu ya ajiye ni yana haki ya ce, "Mason, in dai muna garin nan, ko ƙafarka ba za ta jiƙe ba."

Na ce, "Ko ta jiƙe ba zan sani ba." Muka sake fashewa.

Lahadi, bayan magariba

Salifu da Harisu ba su dawo ba. Tuwonsu na nan a rufe.

Litinin, da asuba

Ba su dawo ba. Wayoyin a kashe.

Litinin, da yamma

Matar mai gyaran takalma ta shigo ta yi wa Rakiya magana ƙasa-ƙasa a bakin murhu. Sun zaci barci nake. Motocin 'yan sanda masu kamen marasa takarda sun je wurin ginin jiya da rana, aka tare ƙofa. An ce an cika biyu. An ce kudu aka yi da su, wajen iyakar Nijar.

Ba zan rubuta fiye da haka ba. Rigar Harisu na kan igiya, ta bushe tun jiya.

Laraba, da hantsi

Unguwa ta yi tsit. Mazan da suka rage wasu sun tafi lambunan ƙauyen Tit su ɓuya, wasu na cikin ɗaki ba sa buɗewa ko sallama aka yi. Na busa usur sau ɗaya don in gani. Kare ne ya amsa.

Na kira Madam Amatullahi. Na ce masu ɗaukata an ɗauke su. Sannan ta ce, "Innalillahi. Malam Isufu, ba kai kaɗai ba ne, tun jiya ake kirana." Ta ce za ta kai maganar buro, wato ofishinsu, za a nemo wasu. Na ce daga ina? Ta ce za a duba.

Ba na jin haushinta. Muryarta irin ta wanda bai yi barci ba ce. Amma "za a duba" ba shi da kafaɗa.

Alhamis, bayan azahar

Sama wasai. Can arewa kan duwatsu akwai baƙi-baƙi.

Alhamis, bayan la'asar

Mun yi faɗa.

Rakiya ta ɗauko bargon ta shimfiɗa kusa da ni ta ce, "Malam, mirgino in gwada." Na ce ta gwada me? Ta ce ja kawai za ta yi, ba ɗauka ba. Na ce likita ta hana ta ɗaukar ko bidon ɗin ruwa, jarka ɗaya tak, ni kuwa na fi bidon uku. Ta ce to ya za a yi? Na ce ga yadda za a yi: in ta ji ƙara, ta haye tudu, kada ta waiwayo. In an samu mai zuwa, ya zo.

Ta ce, "In ba a samu ba fa?"

Na ce, "Ki rantse mini."

Ta ce, "Ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba."

Na ɗaga murya. Na faɗa mata maganganun da ban taɓa faɗa mata ba. Na ce ba ita kaɗai ba ce yanzu, ba ta da ikon yin ganganci da abin da ba nata ita kaɗai ba. Na ce rabin mutum bai kai a ba da cikakke a kansa ba. Ta naɗe bargon a hankali, ta ajiye, ta fita ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Asabar, da safe

Na sake kiran Kawu. Ya ce kamiyo na hanya.

Lahadi

Sama wasai.

Litinin, 1 ga watan tara

Korama ta sauko.

Juma'a, da hantsi, a magazar Kawu

An ture katan-katan gefe, an shimfiɗa mini tabarma. Ashe akwai wuri. Ko kamiyon bai zo ba akwai wuri.

Jakar ta yi aiki, wannan kam a gaya wa mutanen ƙungiya. Maganina bai jiƙe ba, tocila na kamawa, ga littafin nan ma a bushe. Keke ya tafi. Ɗakin ya tafi, da na su Salifu.

Rakiya na asibiti. Matar Kawu na wurinta.

Asabar, bayan azahar

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Bayan azahar ne. Ta tafi pampo can saman hanya da 'yar ƙaramar roba. Ina kwance sai na ji kamar kamiyo da yawa sun taso a jere, amma ƙarar ba daga hanya take ba. Na san ta. Na ciro jakar na rataya, na kama usur. Na busa. Na busa har leɓena ya fashe. Na ji ƙofofi na buɗewa, na ji mata na kiran sunayen 'ya'yansu, na ji gudu. Duk gudun sama yake yi. Ban ga laifin kowa ba. Mai yara uku da hannu biyu wa zai ɗauka?

Na jawo jikina zuwa bakin ƙofa. Ruwan farko ya shigo tsakar gida, siriri, ja, yana tura leda da kashin awaki. Na ɗaga kai sai na hange ta a bakin hanya, a sama, inda ruwa ba ya kaiwa. Ta tsira. Wallahi na ji daɗi. Na ɗaga mata hannu na ce ta tsaya nan.

Ta jefar da robar ta gangaro.

Ba ta nemi bargo ba. Ta kwance mayafinta, ta durƙusa ta ba ni baya ta ce, "Kama wuyana." Na ce ba zan kama ba. Na zage ta. Ta juyo ta dube ni ta ce, "To mu zauna," ta zauna cikin ruwan. Ya kai mata ƙugu a zaune. Sai na kama.

Ta goya ni yadda ake goyon yaro, ta ɗaure mayafin a ƙirjinta, ƙafafuna na jan ƙasa a bayanta. Ina jin numfashinta a cikin ƙashina. A hawan ta faɗi. Ta tashi. Ta sake faɗuwa, wannan karon ta gaba, kuma ni ne a kanta.

Daga nan da gwiwa ta ƙarasa.

Wani mai taksi ne ya tsaya, dattijo mai rawani, ba ya jin Hausa. Ya kwance ni daga bayanta ya jingina ni da dutse, ya dube ta, ya cire rawaninsa ya rufa mata. Abin da na gani a kan duwatsun hawan ba zan rubuta ba.

Saƙon ya shigo wayata dab da magariba. Da Larabci da Faransanci. Wani ya karanta mini: a nisanci korama.

Lahadi, da safe

Kawu ya shigo ya zauna a kan katan ɗin madara. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi da liman da mutum biyu sun yi wa jaririn abin da ya kamata tun ranar Talata, ba su so su tayar mini da hankali ba. Ya ce wurin na da kyau, kusa da wata bishiya.

Ban tambaye shi ba. Shi ya faɗa. Ya ce namiji ne.

Ya ce, "Isufu, ƙaddara ce." Na ce haka ne, Kawu. Ya ce mu zauna a magazar har iyakar yadda muke so. Na ce mun gode, Kawu. Ya jira in ƙara wani abu. Na juya fuska ga taliya.

Talata, bayan la'asar

Madam Amatullahi ta zo, ba da farar mota ba, ba da rigar ba. Ta tsaya a ƙofa har sai da na ce ta shigo. Ta ce tsohuwar nan da aka kawo a baro ba a same ta ba. Ta ce wani kurma yana barcin rana, bango ne ya tashe shi, ya tsira da karaya. Lekkol kuwa an buɗe, an kai katifu, kusan babu wanda ya je daga cikinmu.

Ta ce, "Na gaya musu a buro. Na ce shirin da ya rataya a wuyan mutum biyu da za a iya kwashewa ranar Lahadi ba shiri ba ne. Na ce a fitar da mutane daga bakin korama tun kafin ruwa, shi ne kawai."

Na ce, "Me suka ce?"

Ta ce, "Sun rubuta."

Ta ce za a yi wani taron, ko zan zo in faɗi abin da ya faru da bakina. Na ce wa zai ɗauke ni? Ta ce za ta nemo mini keke, wannan alkawarinta ne ita, ba na ƙungiya ba. Da za ta fita ta ce in gai da Rakiya.

Alhamis, da yamma

An sallamo ta. Zanenta ya yi mata yawa. Gwiwoyinta duka a naɗe.

Ta gaishe ni, na amsa. Ta tambaya ko na sha magani. Ta kwanta ta fuskanci bango.

Juma'a

Ba mu yi magana ba.

Asabar, bayan azahar

Salifu ya kira da wata lamba daga Arlit, can Nijar. Suna raye su biyun. Ya ce ƙafar Harisu ta kumbura saboda tafiyar da suka yi cikin yashi, amma da sauƙi. Yana ta tambaya, "An ce korama ta sauko, wa ya ɗauke ka, Mason? Wa ya ɗauke ka?" Na ce an samu. Ya ce alhamdulillahi. Ya ce ya jikin Rakiya da nauyi? Na ce layin ba shi da kyau, na kashe.

Tana jin mu. Ba ta motsa ba.

Lahadi, da hantsi

Na ce mata in ta ji ƙarfi ta tafi Mirriya wurin Inna ta huta. Kawu zai sa ta a mota. Na ce ba kora ba ce.

Ta ce, "Ka gama?"

Na ce ina so ta faɗi abin da ke ranta, ko zagi ne. Na ce na fi son zagi da wannan shirun.

Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kana so in ce na yi nadama don ka samu abin riƙewa. Ko in ce ban yi ba don ka ji sanyi. Malam, ban sani ba. Kullum ina sake gangarowa hawan nan a cikin kaina, kuma ban taɓa tsayawa a sama ba. Amma ɗana nake so. Duka biyun gaskiya ne. Ka bar ni da su."

Na bar ta.

Talata, bayan sallar asuba

Arewa ta sake yin baƙi. A nan kan tudu ruwa ba zai same mu ba, na sani. Amma magaza aro ce, kuma in ba ruwa ba akwai wuta, akwai motocin nan. Kowannensu in ya zo, ita za ta sake durƙusawa ta ba ni baya.

Da gari ya fara haske na sauka daga tabarma. Na kifa, na kafa tafukan hannuna, na ja. Na sake ja. Tun da na faɗi ban taɓa yarda in ja jiki a gaban mutane ba. Mason guda, wanda ya yi ta hawa bene da bulo a kafaɗa, a gan shi yana jan ciki a ƙasa. Na fi son a ɗauke ni. An ɗauke ni kuwa.

Na fita ƙofar magaza, na bi ta bayan kanti zuwa bakin titi. Tsakuwa ta yanka mini hannu. Masu zuwa sayen burodi suka tsaya suna kallo, wata mata ta miƙo mini sadaka, na ce ba bara nake ba. Na taɓa kwalta, na juyo.

Da na dawo na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta jingina da katako. Ban san tun yaushe take kallo ba. Ta kama hannuwana ta juya su, ta dubi jinin. Na zaci za ta ce in daina.

Ta cire silifas ɗinta, ta zura mini ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu.

Ta ce, "Ka yi jinkiri a wajen kwanar. Sake."